Umara, Masar da Dubai a tafiya ɗaya: lissafin da ake yi ba da yara ba

Tun da Hukumar Shige da Fice ta ninka kuɗin fasfo ranar 1 ga Satumba, 2025, mai shafi 32 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 kuma 200,000, wata tsohuwar magana ta sake tasowa a rumfunan kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano. Wai ai yaro ba sai an yi masa nasa ba, a fasfon uwarsa ake sa shi. Za ka ji ta a bakin dattijon da ya sauke farali tun zamanin Nigeria Airways, kuma ba ƙarya ya yi ba, a lokacinsa an yi hakan. Sai dai wannan ƙofa ta daɗe da rufuwa, domin tun 2007 Najeriya ta koma fasfo na zamani mai ɗauke da bayanan mutum ɗaya tak. Yau ko jaririn da aka yi sunansa makon jiya, in zai fita ƙasa, da fasfonsa zai fita. Kafin a ba shi kuma sai an kawo takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, da lambar NIN, da takardar amincewar iyaye.

Abin da ya tayar da zancen shi ne yayin da ake ciki. Mai sayar da rodi ko kwanon rufi ko tayil da Allah ya buɗa wa, wanda ya saba zuwa Dubai ko Sin shi kaɗai da 'yar jakarsa, yanzu so yake ya fita da iyali idan an yi hutun makaranta. Wannan abin a yaba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar nan ta "tun da an fita". Tun da an fita, a yi Umara, a leƙa Masar yara su ga dalar Giza, a ƙarasa Dubai Hajiya ta yi sayayya, a dawo cikin mako biyu kafin kasuwa ta yi kewar Alhaji. Da ƙafarsa ya auna tafiyar, ya manta akwai 'yar shekara huɗu da goyo a cikin ayarin.

A ɗauki gida mai mutum shida: maigida, uwargida da yara huɗu. Fasfo kaɗai, in duk ƙaramin za a yi, naira 600,000 ke nan ba a je ko'ina ba. Ƙasa uku kuwa biza 18 ce, kowace da hotonta da kuɗinta da ranar ƙarewarta, kuma guda ɗaya in ta maƙale, duk gidan ya maƙale, tunda ba wanda zai bar ɗansa a filin jirgi ya wuce. Ƙasashen kuma ba sa shawara da juna, ba sa shawara da kai. Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take, ta daina bai wa 'yan Najeriya biza a 2022, ba ta buɗe ba sai Yulin 2024, sannan a Yulin 2025 kamfanonin shirya tafiya suka sanar da ƙarin tsanani, har da tsayar da bizar yada zango. Saudiyya kuma tun Yunin 2025 ba ta ba da bizar Umara sai an nuna an kama masauki ta manhajarta ta Nusuk. Wanda ya sayi tikitin ƙasa uku kafin biza ukun su fito, caca ya yi da kuɗinsa.

Akwai kuma matsalar da mu muka fi kowa fama da ita, wato suna. A NIN an rubuta Muhammad, a takardar haihuwa Mohammed, ejan ya buga tikiti da Muhammadu. A gida duk mutum ɗaya ne, amma kwamfutar filin jirgi ba ta san Mamman ba. Ga ɗan riƙo, ɗan ƙanin Alhaji da ya tashi a gidan, ba wanda ke tuna ba nan aka haife shi ba sai ranar da jami'i ya ga sunan uba ya bambanta, ya nemi takardar izinin mahaifinsa. Haka in uwa ce za ta fita da yara ba tare da mijinta ba, gara ta riƙe rubutaccen izininsa. Ba wulaƙanci ba ne, masu safarar yara ne suka ja wa kowa.

Amma abin da ya fi cin kuɗin mutane, kuma aka fi yi wa gurguwar fahimta, shi ne tikiti. Ejan zai nuna maka farashi biyu: ɗaya mai tsada, ɗaya mai sauƙi, duka kuma ta Alƙahira ko Adis Ababa ko Doha za a bi. Sai ka ce ai hanya ɗaya ce, a ba ni mai sauƙin. Sau da yawa mai sauƙin tikiti biyu ne daban aka jera maka a takarda ɗaya.

Ɗan Ƙofar Ruwa ya fi kowa sanin bambancin. In ka yi ciniki da direba ɗaya ya kai maka rodi daga kasuwa har Gumel, ko da zai juye kayan a wata mota a hanya, ruwansa ne. In motar ta lalace, shi zai nemo wata, in sanda ɗaya ta ɓata, shi ka sani. Amma in ka ɗauki wani ya ajiye maka a Gezawa, ka kuma yi magana da wani daban ya kwasa daga can ƙarfe biyu, to ranar da na farko ya makara, na biyu ya tafi abinsa, kuɗinka ya bi ruwa, kaya na zube a bakin titi kai ke gadi. Haka tikiti yake. In ɗaya ne, jakunkunanka tun daga filin jirgin Malam Aminu Kano ake liƙa musu takardar inda za su ƙare, in jirgin farko ya makara kamfani ne zai sa ku a na gaba. In biyu ne, sai kun sauka kun karɓi kaya kun sake aunawa, karɓar kaya kuwa yawanci sai an wuce jami'an shige da fice, wato an shiga ƙasar, shiga kuma sai da biza. Nan ne za ka ga magidanci tsaye da yara huɗu da akwati tara, ba a bar shi ya shiga ba, jirginsa na gaba kuma ya ɗaga. Tambaya ɗaya ce ke raba gardama, a yi wa ejan ita kafin a biya: lambar tikitin ɗaya ce daga Kano har inda za mu, kuma kayanmu kai tsaye za su wuce? A kuma tambayi ko bizar Saudiyyar ta shiga ɗaya ce, domin wanda ya fita zuwa wata ƙasa da niyyar dawowa Jidda ya hau jirgin gida yana iya tarar da ƙofa a rufe.

Tunda an ambaci akwati tara: a ƙirga takardun kayan da aka liƙa a tikiti, a tabbata sun yi daidai da jakunkunan da aka kawo. Kanawa ba su manta da ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a Disambar 2018 ba, saboda jakar ƙwaya da wasu suka aika da sunanta daga Kano, ba a sake ta ba sai ƙarshen Afrilun 2019. Saƙon maƙwabci ma a buɗe shi a gabansa. Maganin tari mai kodin da tiramadol, duk ƙasashen nan uku ba sa wasa da su, goro ma Saudiyya ta hana.

Katin rigakafin shawara wani wuri ne da sakacinmu ke fitowa fili. Masar da Saudiyya duk suna nemansa daga wanda ya taso daga Najeriya, har yaron da ya kai wata tara, kuma ba ya aiki sai allurar ta yi kwana 10. Sau ɗaya ake yinta ta isa har ƙarshen rayuwa, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar tun 2016. Duk da haka sai ka ga mutum ya biya a kawo masa kati har shago ba tare da allura ta taɓa jikin kowa ba. Babba in ya yaudari kansa, shi ya jiyo, amma a kai ƙaramin yaro cikin cunkoson Harami ba rigakafin shawara balle na sanƙarau, da takardar ƙarya a jaka, wannan ba wayo ba ne. Hukumomin da ya kamata su riƙa faɗin waɗannan abubuwa da Hausa a rediyo kuwa, sai lokacin Hajji ake jin ɗuriyarsu, kamar sauran watannin ba a fita.

Sai saurin tafiya. Kakanninmu da suka bi ta Maiduguri, Fort Lami, Abeshe, Al-Ubayyid har Sawakin da mata da yara, shekaru suke yi, suna zama a gari su yi damina su huta. Ba wanda ya ce a koma haka, amma sun san ba a tashin ayari kullum. Ranar da aka canza ƙasa, ranar ta tafi gaba ɗaya: haɗa kaya, fita daga otal da hantsi, isa filin jirgi awa uku kafin tashi, layin jami'ai, jiran kaya, neman mota. Ƙasa uku na nufin irin wannan rana huɗu, in ka cire su daga mako biyu ka ƙara da washegarin kowace da yara za su wuni suna barci ko rigima, me ya rage? Agogon Saudiyya ya riga namu da awa biyu, na Dubai da awa uku, cikin yaro kuwa agogon Kano yake bi. Umarar kanta aiki ce: sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai kilomita 3, ban da ɗawafi. Dogon hutunmu kuma a Agusta yake faɗowa, lokacin da zafin Makka da Dubai ke haura digiri 40. Hutun Disamba ya fi sauƙi ga yara nesa ba kusa ba. A ganina ƙasa biyu sun isa gida mai ƙananan yara, kuma ibada a fara da ita tun jiki na da ƙarfi. Tsakanin Makka da Madina akwai jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018, yana cinye kilomita 450 cikin kamar awa biyu da rabi, yaro ya samu wurin miƙe ƙafa da bayan gida.

Masauki ma da idon yaro ake zaɓarsa. "Minti biyar zuwa Harami" da ejan ke faɗa, minti biyar ɗin saurayi ne mara kaya. A nemi sunan otal da unguwa a duba taswira: Ajyad da farkon titin Ibrahim Khalil kusa ne, ƙarshen Misfala tafiya ce, Aziziyya kuwa sai da mota, mota kuma sau biyar a rana da goyo ba abin da ke ɗorewa ba ne. Otal yana da iyakar mutanen da ke kwana a ɗaki, ba kamar gida ba da za a shimfiɗa tabarma a ƙara biyu, don haka mutum shida ɗaki biyu ne ko babban ɗakin iyali, kuma a nemi masu ƙofa a tsakani tun wajen kamawa. A Alƙahira da Dubai gidan haya na kwanaki mai ɗakin girki ya fi rufin asiri, a dama wa yara kunu da safe, a dafa taliya da dare, a wanke kaya. Sannan a lura da lokacin shiga: yawancin otal ba sa ba da ɗaki sai bayan azahar, jirage da yawa kuwa da asuba suke sauka. In haka ne, a biya kuɗin daren da ya gabata, a kuma sanar da su za a iso a makare kada su bayar da ɗakin.

Kuɗin jirgin yara shi ma da shekaru yake tafiya. Wanda bai kai biyu ba a cinya yake, ana biya masa kusan kashi 10 cikin 100. Daga biyu zuwa 11 kujerarsa daban, ragin kuma ba shi da yawa. Ɗan 12 babba ne a wurin kamfanin jirgi, ko da a gida har yanzu shi ake aike sayen ƙosai. Wanda kuma zai cika shekara biyu ana tsakiyar tafiya, a gaya wa ejan tun a Kano, domin a dawowa sai an saya masa kujera.