Gidigir: Ko kokawa na biyan wahalar iyaye?

A Gidigir da ke gundumar Gure, yaro kan fara kokawa a kan rairayi bayan girbi, ba a biyan ko dala. Kuɗi na soma fita ne ranar da aka ce ya iya: abinci mai gina jiki, layu, kuɗin mota zuwa Damagaram, ga lambu ya rasa mai ban ruwa.

Ƙofar kuma ƙarama ce. Gasar Takobin Ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, 'yan kokawa goma kacal take karɓa daga kowace jiha. Kowane yaro na son zama Issaka Issaka. Wanda ya karye tun a zagayen share fage kuwa, uwarsa ke jinya, yayansa na Libiya ke turo kuɗin ɗori.