A Sako Yara Daga Gona Su Koma Aji

Edita, ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi kira ga 'yan'uwana manoma da 'yan tireda.

Dogon hutu yakan ƙare a Satumba, daidai lokacin girbin gero. Bara na riƙe ɗana mako uku a gona. Da ya koma aji an wuce shi, har kuka yake wai shi ba zai sake zuwa ba. Wallahi laifina ne.

Bana tun saura mako guda na sallame shi. Da an yi Isha'i sai kwanciya, da safe ya duba tsofaffin littattafansa. Ranar Lahadi na kai gero tiya biyar kasuwar Ɗanbatta, na sayo masa takalmi da biro. Girbin kuwa, gayya na kira.

Naku,
Wani manomi, Ɗanbatta.