Tseren motocin NASCAR: Idan mota ta daina cin gasa, wa ya kamata a sallama?

A watan Oktoban 2011 aka kira Darian Grubb aka shaida masa cewa da zarar kakar tsere ta ƙare, aikinsa ya ƙare. Shi ne shugaban kanikawan motar Tony Stewart a gasar NASCAR ta Amurka, kuma Stewart ba direba ba ne kawai, yana da hannun jari a kamfanin.

Dalilin korar ba ɓoyayye ba ne. A tsere 26 na farkon shekarar motar ba ta zo ta ɗaya ba ko sau ɗaya.

Sai dai abin da ya biyo baya ya jefa kamfanin cikin kunya. A tsere 10 na ƙarshe, waɗanda su ke fitar da gwarzon shekara, motar ta ci biyar, uku daga ciki bayan an riga an yi wa Grubb sallama da baki. Ranar 20 ga Nuwamba a filin Homestead da ke Florida, Stewart ya kammala kakar da maki 2,403, daidai da na abokin hamayyarsa Carl Edwards. Aka duba yawan nasarori, Stewart na da biyar, Edwards na da ɗaya. Kofi ya zama na Stewart.

Duk da haka ba a janye korar ba. Grubb ya kwashe kayansa ya koma kamfanin Joe Gibbs, inda a 2012 ya ci tsere biyar tare da Denny Hamlin. Shi kuwa Stewart da sabon shugaban kanikawansa sun ci uku, suka ƙare a mataki na tara. Bai sake ɗaukar kofin shekara ba har ya yi ritaya a 2016.

Wane ne shugaban kanikawa?

NASCAR hukuma ce da Bill France ya kafa a 1948 a garin Daytona Beach. Motocinta sun bambanta da na Formula One masu kama da jirgi. A ido kamar motocin gida suke, na kamfanonin Chevrolet da Ford da Toyota, amma an yi musu ƙira ta musamman, suna gudun da kan kai kilomita 300 a sa'a a manyan filaye. Babbar gasar tana da tsere 36 daga Fabrairu zuwa Nuwamba, mafi yawansu a fili mai siffar ƙwai, inda motoci kusan 40 ke zagaye ɗaruruwa.

Dokokin gasar sun matse motocin har sun kusa zama iri ɗaya. Shi ya sa bambancin yake komawa kan mutane.

Mutum mafi nauyi bayan direba shi ne shugaban kanikawa. Shi ke yanke yadda za a saita sifirin da iskar taya, shi ke cewa a shigo a sha mai yanzu ko a ƙara zagaye biyar, a sauya taya huɗu ko biyu. Direba na cikin mota yana faɗa masa ta oba-oba cewa gaban motar na ƙin shan kwana, ko bayanta na zamewa. Aikinsa shi ne ya fassara wannan ƙorafi zuwa gyara, cikin daƙiƙoƙi. Wani direban idan ya ce "kaɗan" yana nufin motar ta kusa kubce masa. Wani kuma idan ya yi ihu, matsalar ba ta taka kara ta karya ba. Sanin wannan bambanci na ɗaukar lokaci.

Manomi a Zakirai, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa, ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan. Duk mai shanun huɗa ya san cewa bijimai biyu da suka saba da karkiya ɗaya sun fi ƙarti biyu da aka haɗa jiya. Idan aka sayar da ɗaya aka kawo sabo, ko da ya fi girma da ƙarfi, kunyoyin farko a karkace suke fita, ɗaya na ja, ɗaya na turjewa. Haka ma mai motar haya da ke jigila tsakanin Zakirai da Kano: idan kuɗin balas ya ragu, sai ya rasa wa zai zarga, direba ne, bakanike ne, ko kuwa motar ce ta tsufa. Tambayar da masu kamfanonin NASCAR ke fuskanta ke nan, sai dai su miliyoyin daloli ne a kan layi.

Kuma galibi amsarsu ɗaya ce: a sauya shugaban kanikawa. Direba na da doguwar kwangila, fuskarsa ce a jikin tallan kamfanonin da ke ɗaukar nauyin motar. Korar shugaban kanikawa ta fi araha, kuma tana nuna wa masu zuba kuɗi cewa an ɗauki mataki.

Madara da biskit

Wanda ya fi shahara da ƙin yin wannan gaggawa shi ne Rick Hendrick, mai kamfanin Hendrick Motorsports. A 2002 ya haɗa matashin direba Jimmie Johnson da wani shugaban kanikawa mai zafin rai, Chad Knaus, a mota mai lamba 48. Shekara huɗu suna cin tsere amma kofin shekara na kubce musu. A ƙarshen 2005 ta kai ba sa ga maciji da juna, kowa na ganin laifin ɗan'uwansa.

Hendrick ya kira su ofis. Maimakon takardar raba gari, sai suka tarar da madara da biskit a faranti irin na yara. Saƙon a fili yake: tunda sun zaɓi halin yara, abincin yara za su ci har sai sun fayyace abin da ke ransu. Suka amayar da abin da ke cikinsu, aka bar su tare.

Daga 2006 zuwa 2010 suka ɗauki kofin shekara sau biyar a jere, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin gasar. Suka ƙara a 2013 da 2016, ya zama bakwai. Da Hendrick ya bi al'adar da aka saba a 2005, da wataƙila ba a san sunan haɗin ba.

Amma labarin bai tsaya nan ba, kuma sashensa na biyu ya fi koyarwa. Bayan nasarar da Johnson ya samu a Dover a watan Yunin 2017, sai abin ya tsaya cak. Kakar 2018 ta wuce babu nasara ko ɗaya. A wannan karon Hendrick ya raba su bayan shekara 17. Aka ba Johnson Kevin Meendering; kafin a gama kakar 2019 aka cire shi aka sa wani matashin injiniya, Cliff Daniels. Sauyi biyu cikin 'yan watanni, sakamako bai motsa ba. Johnson ya bar tseren cikakken lokaci a ƙarshen 2020 ba tare da ya sake zuwa na ɗaya ba.

Mai kallo daga nesa zai iya cewa Daniels bai iya aiki ba. Hendrick bai ce haka ba. A 2021 ya bar Daniels da mutanensa yadda suke, ya sauya lambar motar zuwa 5, ya kawo musu sabon direba, Kyle Larson, wanda kamfanin Chip Ganassi ya kora a Afrilun 2020 saboda furta kalmar wariyar launin fata a wani tseren intanet. Da wannan shugaban kanikawan da bai taɓa cin tsere ba, Larson ya ci 10 a shekara ɗaya, ya haɗa da kofin shekara.

Wato dai gyaran da aka yi ta yi a ɓangaren kanikawa, ba can ciwon yake ba. Abu ne mai wuyar faɗa game da gwarzo sau bakwai, shi ya sa aka ɗauki shekaru ana kewaye-kewaye.

Daƙiƙa 12 da ke raba gardama

Akwai wani rukunin ma'aikatan da kyamara ba ta cika nuna fuskokinsu ba: masu tsallake katanga su sauya taya su zuba mai idan mota ta shigo. Tun 2018 mutum biyar doka ta yarda su yi wannan aiki: mai jak, mai mai, masu kwance noti biyu, da mai ɗauko taya.

A da kanikawan gareji ne ke yin aikin a ranar tsere, bayan sun kwana suna gyara. Ray Evernham, shugaban kanikawan Jeff Gordon a shekarun 1990, na cikin waɗanda suka sauya wannan tsari. Ya riƙa ɗauko tsofaffin 'yan wasa masu ƙarfi da sauri, yana ba su horo kamar 'yan ƙwallo, ana ɗaukar su a bidiyo ana gyara kuskure. Shi da Gordon suka ci kofin 1995 da 1997 da 1998. A watan Satumban 1999 Evernham ya tafi kafa nasa kamfanin, sannan a ƙarshen kakar biyar daga cikin masu sauya tayar suka koma motar Dale Jarrett. Gordon, wanda ya ci tsere 13 a 1998, ya ci uku kacal a 2000, ya ƙare na tara. Sai a 2001, bayan sabbin mutanen sun saba da juna ƙarƙashin Robbie Loomis, ya sake ɗaukar kofi.

Wani lokacin ba a ma jiran ƙarshen tsere. A Texas a Nuwamban 2010, masu sauya tayar Johnson suka yi ta ɓata lokaci. Da motar Gordon ta yi hatsari ta fita, Knaus ya sallami nasa mutanen ana tsakiyar tsere, ya ari na Gordon. Mutane da dama sun ga rashin kara a wannan mataki, domin waɗanda aka ture ɗin su ne suka yi wahalar kakar tun Fabrairu. Amma da aron aka ƙarasa tsere biyun da suka rage, aka ɗauki kofi na biyar.

Kofin Larson na 2021 ma a nan aka ci shi. A tseren ƙarshe a Phoenix ya shigo sauya taya yana na huɗu, mutanensa suka gama cikin daƙiƙa 11.8, ya fita yana na ɗaya, kuma ba a sake wuce shi ba. Daga 2022 sabuwar motar da aka fito da ita noti ɗaya take da shi a kowace taya maimakon biyar, aikin ya koma ƙasa da daƙiƙa 10, kuskuren rabin daƙiƙa ya ƙara tsada.

Masoya Kano Pillars za su gane wani abu a nan. Ƙungiyar ta ci gasar Firimiyar Najeriya sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, kuma ba koci ɗaya ne ya ci dukkansu ba. Inda ginshiƙin ƙungiya ke tsaye, sauya mutum ɗaya ba ya rushe gini. Haka Hendrick yake: kamfani ne mai motoci huɗu da ɗaruruwan ma'aikata, yana iya ɗauke mutum daga nan ya ajiye a can.

Inda sauyi ya yi rana, da inda kuɗi ya yi magana

Ba kowace kora ce kuskure ba. Kamfanin Furniture Row ƙarami ne, yana Denver, nesa da jihar North Carolina inda kusan duk sauran kamfanonin suke. A 2014 direbansa Martin Truex ya ƙare na 24. Aka ɗaga wani injiniya ɗan Kanada, Cole Pearn, zuwa shugaban kanikawa. A 2015 suka zo na huɗu, a 2017 suka ci tsere takwas da kofin shekara.

To amma a nan ma sai an yi hattara da yabo. A 2016 kamfanin ya bar Chevrolet ya koma Toyota, ya shiga yarjejeniyar samun motoci da bayanai daga Joe Gibbs. Pearn ya iya aiki, amma kayan aikinsa ma sun sauya. Kuma duk iyawarsa ba ta hana kamfanin rufewa ba a ƙarshen 2018, shekara ɗaya bayan kofin, lokacin da babban mai ɗaukar nauyinsu ya janye.

Misalin Rodney Childers ya fi kusa. A 2014, shekararsa ta farko da Kevin Harvick, suka ɗauki kofi, suka kuma ci tsere 37 tare cikin shekara goma. Da kamfanin Stewart-Haas ya rufe a ƙarshen 2024, wani kamfani mai tasowa, Spire Motorsports, ya ɗauke shi da fatan zai zo da sirrin nasara, ya haɗa shi da matashin direba Justin Haley. Tsere tara kawai suka yi tare. A watan Afrilun 2025 aka sanar da rabuwarsu, kuma motar ba ta ci ko ɗaya ba, kafin tafiyarsa da bayanta a wannan kakar.