Dokar Lafiya da Ta Raba Malaman Yahudawa a Frankfurt

A watan Fabrairun 1843 hukumar lafiya ta birnin Frankfurt a Jamus ta fitar da doka kan kaciyar jarirai. Manufarta kare rayukan yara ce, kada kowa ya riƙa wuƙa sai wanda ya ƙware. Amma lafazin dokar ya ambaci Yahudawan da suke son a yi wa 'ya'yansu kaciya, kamar abin zaɓi ne. Ga al'ummar da take yi wa ɗa namiji kaciya a rana ta takwas, bisa alkawarin Allah da Annabi Ibrahim da ke cikin Attaura, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ba a jima ba wani uba ya ƙi yi wa ɗansa, kuma ya nemi a rubuta yaron cikin Yahudawan birnin. A lokacin akwai wata 'yar ƙungiya ta masu son gyaran addini da ke ganin al'adar ta tsufa.

Babban malamin garin, Salomon Trier, ya haura shekara tamanin. Ya kai kuka majalisar birni a hana rubuta yaron, majalisa ta ƙi sa baki. Sai dattijon ya shiga aika wasiƙu ga malamai a faɗin Turai, a 1844 aka buga amsoshi 28 a littafi guda. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, har malaman da ke neman sauyi a wasu fannoni sun mara masa baya. Masanin tarihi Leopold Zunz ma ya rubuta nasa, yana ganin barin kaciya fita ne daga addinin.

Wani malami mai neman gyara, Samuel Holdheim, ya tsaya a ɗaya ɓangaren, da hujja daga shari'ar Yahudawa kanta: duk wanda uwarsa Bayahudiya ce Bayahude ne tun ranar haihuwa. Talmud, littafin shari'arsu, ya yafe kaciya ga jaririn da yayyensa suka mutu sanadinta, kuma ba a kore shi ba. To yaya laifin uba zai fitar da ɗa? Abraham Geiger kuwa, jigon masu gyara, a wasiƙarsa ga Zunz ya siffanta kaciya da ɗanyen aikin zubar da jini, amma a bainar jama'a bai nemi a daina ba. Ina ganin ya san abin da iyaye ba za su taɓa lamunta ba.

Trier ya ajiye muƙaminsa a 1844, ya rasu bayan shekara biyu ba tare da ya ga ƙarshen rikicin ba. Sai a 1871, a taron Augsburg, malamai masu gyara suka yanke cewa kaciya na da muhimmanci ƙwarai, amma yaron da Bayahudiya ta haifa Bayahude ne ko ba a yi masa ba.