Abin Da Ke Sa Tirelar Kwale-kwale Rawa A Kan Titi

Idan tirelar da ta ɗauko kwale-kwale mai inji ta fara rawa a kan titi, galibi zaman jirgin ne bai daidaita ba. Injin yana can baya, ga shi da nauyi. Da jirgin ya ɗan zame baya, nauyin da ke danne ƙugiyar mota sai ya ragu, tirela ta riƙa kaɗawa hagu da dama, har ta kan kifar da motar.

Ana so kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jirgi da tirela ya sauka kan ƙugiyar. Idan nauyinsu kilo 1,000 ne, kilo 50 zuwa 100 ke nan, kuma sikelin awon mutum ya isa a gwada.

Wajen ɗorawa, masu jirgi sun fi yin kuskuren nutsar da tirela cikin ruwa fiye da kima, sai jirgin ya taso ya zauna a karkace. Goshinsa ya kamata ya manne da robar gaba, ƙarshen gindinsa kuma ya hau kan katakan da ke tallafe shi, kada ya leƙa waje. Kafin a ɗaure, manhajar awon daidaito ta waya za ta nuna ko ya jirkice.