Daga Toumaï zuwa yau: Yadda ƙwaƙwalwar ɗan'adam ta ninka kusan sau huɗu

A watan Yulin 2001, tawagar masana ƙarƙashin Michel Brunet ta tsinci wani ƙoƙon kai a hamadar Djurab da ke arewacin Chadi, wanda aka ƙiyasta ya kai shekara miliyan 7. Aka raɗa masa suna Toumaï. Gurbin ƙwaƙwalwarsa kimanin mililita 350 ne, kwatankwacin kwalbar lemo guda. Ta mutumin yau kuwa takan kai 1,350, kusan leda uku ta fiya wata.

Masana sun ce girman bai zo lokaci guda ba. An shafe miliyoyin shekaru ƙwaƙwalwar ba ta ƙaru sosai ba, sai daga baya ta yunƙura. Yaron Turkana, da aka tono a Kenya a 1984, tasa ta kusa 900.

Wannan girma kuwa ba kyauta ba ne. Ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana lashe kusan kashi 20 na kuzarin da jiki ke ƙonawa yana hutawa. Shi ya sa wasu masana ke danganta bunƙasarta da cin nama da dafa abinci. Uwa ma ta biya nata kason, domin babban kan jariri na cikin dalilan da suka sa naƙudar ɗan'adam ke da wuya.

Sai dai kada mai babban kai ya yi saurin tinƙaho. Mutanen Neanderthal, waɗanda suka ɓace kimanin shekara 40,000 da suka shuɗe, ƙwaƙwalwar da yawansu ta fi tamu girma.