Shekarun Kakata a Takarda da a Bakin Goggo

Bayan rasuwar mahaifinmu na sayi littafi mai kwali, na ɗauri aniyar rubuta asalin gidanmu kafin dattawa su ƙare. A cikin tsohuwar adakar kakata na tarar da fasfon da ta yi aikin hajji da shi, an rubuta an haife ta ranar 1 ga Janairu, 1927. Takardar goggona, wadda muke ɗauka ita ce 'yar farinta, ta ce 1938. Na yi lissafi sau uku. Shekara goma sha ɗaya. Gabana ya faɗi, na rufe littafin.

Da asabar ta zagayo na tafi ƙauye wajen Goggo. Ta saurare ni tana tsinkar zogale, sannan ta ce, “Ɗan nan, wa ya gaya wa mai takarda shekarun Inna? Kallon fuskarta ya yi ya rubuta.” Gaskiyarta. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a duk faɗin Nijeriya ta 1992 ce, kuma a ƙauyukanmu mutanen da suna auna shekaru ne da abin da ya faru: yunwar Kakalaba ta 1914, zuwan jirgin ƙasa Kano, zuwan Sarauniyar Ingila a 1956. Shi ya sa za ka ga rabin tsofaffin gari duk an haife su ranar 1 ga Janairu.

Sai muka bi hanyarsu. Inna takan ce tana tuna ranar da labari ya iso cewa an naɗa Abdullahi Bayero Sarkin Kano, lokacin har an fara aikenta sayo daddawa. Naɗin a 1926 aka yi, kenan shekara guda kafin ranar da fasfo ya ce an haife ta. Yarinyar da ake aika ba za ta gaza shekara biyar ba, don haka haihuwarta ta faɗa wajen 1921. An ɗaura mata aure, in ji Goggo, shekarar da Sarki ya je Ingila, wato 1934. Shekararta goma sha uku. Ba ta tare ba sai da aka yi damina guda, domin a da ɗaurin aure daban, tarewa daban, kuma mai bincike da ya haɗa su zai rage wa kakarsa shekara ɗaya ko biyu.

Sha uku ya fi sha ɗaya, amma ban ji sanyi a raina ba, kuma ba na son in yi kamar na ji. Haka aka saba a lokacin. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, tana wajen sha huɗu aka yi mata auren fari, auren zumunta. Iyaye suna ganin sun sauke nauyi ne, makarantar boko ta mata kuwa ba ta iso ƙauye ba. A Ingila ma sai a 1929 doka ta ɗaga shekarun aure zuwa sha shida. Kafin nan ta yarda da sha biyu ga mace. Sai dai can littattafan coci sun nuna yawancin 'yan matan talakawa sai sun haura ashirin suke aure, saboda haka abin da doka ta halatta ba lallai ne ya zama abin da jama'a suke yi ba. Kowace ƙasa sai an bi ta da nata ma'aunin.

Kakana kuma ya kusa talatin lokacin auren, don yana cikin gandun mahaifinsa sai da aka tara abin sadaki da lefe. Wannan ne ya warware mini wani ƙulli: cikin shekara ɗari, layin mata a gidanmu ya ba ni iyaye biyar, na maza uku kacal. Da na ɗauka na tsallake sunaye ne.

Ina shirin tashi Goggo ta ajiye faifan zogalen. Ta ce ba ita ce 'yar fari ba. Akwai namiji kafin ita. Inna ta koma gida goyon ciki kamar yadda ake yi, ta kwana uku tana naƙuda a hannun ungozoma, yaron bai zo da rai ba, ita ma da ƙyar ta tashi. Ba a yi suna ba, kuma kunyar ɗan fari ta haɗu da baƙin ciki, Inna ba ta taɓa ambatonsa a gaban 'ya'yanta ba. Goggo ma a bakin wata inna tasu ta ji, bayan ta yi nata auren.

Na yi shekaru ina cin tuwon hannun matar nan, tana kirana mai gida tana tsokanata, ban taɓa tunanin ta a matsayin yarinya 'yar sha biyar a kan tabarmar naƙuda ba. Na buɗe littafin a gaban Goggo. Na soke 1927 da biro, na rubuta “wajen 1921, bisa naɗin Sarki”. A saman sunan Goggo na ja layi ɗaya na rubuta: namiji, wajen 1936, bai kai suna ba.